Abdulgani Mai Wurin Girma

Duk wanda ya tashi a Fagge a wancan zamani, ya yi yawo cikin jamfar da ta wuce masa gwiwa, hannayenta sun haɗiye 'yan yatsunsa, ba sai an tambaya ba, Abdulgani tela ne ya ɗinka masa. Ni Hambali kekena na jikin nasa a rumfa ɗaya shekara da shekaru, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Shi Babarbare ne, kakansa ya zo fatauci daga Kukawa, Kano ta riƙe shi. Ni kuwa Bafillace. Kun san tsakaninmu da Barebari, ba ma gaisawa sai da tsiya. In na ce masa ina kwana, sai ya tambaye ni shanun wa na koro da asuba. Ni kuma in tambaye shi wace kyanwa ce ta yakushe masa fuska haka, don tsagarsa ta gado tana nan raɗau tun daga goshi har haɓa.

Abdulgani ba ya ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa. Ko awo ba ya yi. Kallo ɗaya zai yi wa yaro, ya ja yadi ya yanka da yalwa, ya yi kalmasa mai faɗin tafin hannu a ƙasa, ya naɗe wata a bakin hannu. Uwa ta aiko ta ce, "A gaya wa Malam riga na ce, ban ce buhu ba." Shi kuma ya ce, "A gaya mata yaro gobe gare shi." In shekara ta zagayo rigar ta ɗage, a kawo masa ya warware kalmasar, ba ya karɓar ko anini. Ban taɓa ganin aikin da yake so kamar wannan warwarar ba. Zai sa bakin allura yana tsintar zare yana murmushi, ya ɗago ya ce mini, "Ka gani, ɗan Fulani? Ya cika ta." Da haka sunan Mai Wurin Girma ya bi shi. Har ya tsufa ya bar duniya, riga ɗaya tak ya taɓa ɗinka wa yaro daidai, ita ce kuma dalilin wannan labari.

Matarsa Yakaka ta haifa masa mata biyu, Falmata da Kubura, sannan aka sami Modu. Yaro ne mai tsinin baki, ya gado uban. Baffa yake kirana, amma in ya ga na juya baya sai ya yi kukan saniya. Yana da shekara bakwai, shekara guda bayan rigimar nan da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari, haƙorinsa na gefe ya fara girgiɗi, kumatun hagu ya tasa. Aka ce hangum ne, zai saɓe. Bai saɓe ba. Wanzami ya yi nasa, aka sha rubutu, aka shafa abin shafawa, kumburi sai gaba yake, har ya tura idon yaron sama.

Ni na goya shi a keken hawa muka kai shi asibiti, uban na biye da mu a ƙasa. Likitan Bature ne, wata ma'aikaciya 'yar Zariya mai suna Sarah tana yi mana tafinta. Ya daɗe yana lalube, sannan ya yi magana a hankali. Sarah ta ce ciwon daji ne, in an yanke ma dawowa zai yi, ba su da maganinsa. Abdulgani ya ce mata, "Tambaye shi, zai girma?" Ba ta juya wajen likitan ba. Ta ce, "Malam, ku kai shi gida. Duk abin da yake so ku ba shi. Ni ma zan sa shi a addu'a."

A makon nan Abdulgani ya ɗauke kekensa daga rumfa ya kai soron gidansa. Ni ma na ɗauko nawa na bi shi, na ce masa ba zan bar Babarbare shi kaɗai da almakashi ba, kada ya yanke kunnensa. Aka shimfiɗa wa Modu tabarma da katifar rimi a gefenmu, don ɗaki yana yi masa duhu. Gidan gaba ɗaya ya koma juyawa a kan yaron. Yakaka takan dama kunu ruwa-ruwa, ta tace, ta aiko Falmata da ƙaramin ludayi tana ɗura masa ta gefen bakin da ya rage. Kubura ke rubuta masa allo, shi kuma yana bi da ɗan yatsa tunda harshe ya yi nauyi, in ta yi kuskure ya mintsine ta. Da kai ya daina shiga wuyan riga, uban ya tsaga kafaɗa ya jera maɓallai. Ciwon ya fara wari, sai Yakaka ta riƙa aiko da kasko, kun san matan Barebari da turaren wuta, soron ya zama kullum cikin hayaƙi. Modu kuma ba ya samun barci sai da ƙarar keke. Ko babu aiki, Abdulgani zai zauna yana taka keke ba zare ba yadi, allura na sukar iska, har numfashin yaron ya daidaita.

Bai daɗe babu aiki ba, don ya samo wa kansa wani. Wata rana ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da yadi, daga wurin Nneka, wata Inyamura da muke sayayya a hannunta tun kafin rigima. Ya ɗinka jamfa, ya ce ta Modu ce ta baɗi. Ban ga aibu ba. Sai ya ɗinka ta shekarar gaba. Sai kaftanin da zai sa ranar saukar karatu. Sai wanda zai sa in ya fara zama a kan keke. Daga nan ya sayo shadda ya yanka babbar riga, ya zauna yana yi mata aiki da hannu, ya ce ta angonci ce.

Da a akwati ya zuba su, da da sauƙi. Ya ce ninki yana cin yadi. Kowace sai ya zura mata sandar gora ta hannu zuwa hannu, ya rataye a azara, ya kafa ƙusa a sama da ita ya ɗora hula. Ya jera su bisa tsawo, ƙaramar a bakin ƙofa, babbar rigar a can ƙurya, daidai kan shimfiɗar yaron. In ka shigo daga hasken rana idonka bai washe ba, abin da za ka gani shi ne mutane a tsaye cikin hayaƙi, hannuwa a buɗe, ga hula ga kafaɗa, tsakaninsu babu fuska. In jirgin ƙasa ya taso daga tasha ƙasa ta ɗauki rawa, sai su motsa gaba ɗaya, gefe guda. Ni Bafillace ne, ba a san mu da faɗin tsoro ba, amma sau biyu ina yi musu sallama.

Masu kawo ɗinki suka fara tsayawa daga waje suna miƙo kaya. Daga baya suka daina zuwa. Mata suka ce an shiga soron, akwai masu shi. Wani mai baki kamar reza ya tare ni a bakin masallaci ya ce abokina yana jayayya da hukuncin Allah. Na ce masa ranar da aka gwada shi da rabin abin da aka gwada Abdulgani, sai ya zo mu ga irin nasa tawakkalin. Na faɗa da zafi, har aka riƙe ni. Amma a raina ni ma abin yana damuna, don mutumin da ba ya wuce minti bai tsokane ni ba ya koma sai ya wuni bai ɗago kai ba.

Wata rana da zafin bazara, uban ya tafi sayen zare, daga ni sai Modu. Lokacin ƙafafunsa sun riga sun mutu, ko zama sai an tallafe shi. Na ji ya ce, "Baffa." Maganarsa sai ka kasa kunne sosai, don bakin ya karkace. Na matsa.

Ya ce, "Ka ce su daina kallona."

Na ce, "Su wa?"

Ya ɗaga ɗan yatsa sama. "Jirana suke yi. Wancan babban ya fi naci. In kun tafi azahar sai ya sunkuyo ya ce, har yanzu? Ni kuma na gaji, Baffa. Ba zan iya kamo su ba."

 Na ɗaga kai na dubi babbar rigar. Babu iska, babu jirgi, ganyen dalbejiyar ƙofar gida ko motsi ba ya yi, amma gefenta na juyawa a hankali, kamar mutumin da aka kira sunansa. Ban ce ga abin da ya juya ta ba. Abin da na gani na faɗa. Na karanta abin da ya zo bakina na tofa wa yaron, na zauna riƙe da hannunsa har uban ya dawo, ranar ban sami jam'in azahar ba.

Ban iya gaya wa Abdulgani ba, sai na tsaya a ƙofar shiga cikin gida na yi sallama da Yakaka, ta amsa daga bayan zana. Na kwashe duka na gaya mata.

Ta ce, "Na sani, Malam Hambali. Ni kaina in zan bi ta soron nan sai na sunkuyar da kai. Na yi masa magana, ya ce ranar da aka sauke su an sauke Modu." Na ji tana jan hanci. "Ni tuni na mayar wa Mai shi. Kullum in ina tace kunun nan ji nake ajiyar wani nake kula da ita, ina roƙon kada a same ni da sakaci. Shi kuwa Malam gani yake in ya daina ɗinki ya ci amanar yaron. Ban ce na fi shi imani ba. Shi ne dai ba ya barci."

Ita ce ta aika aka kira Goni, malamin da ya karantar da Abdulgani tun yana yaro, tsoho ne har ya ranƙwafa. Ya shigo ya zauna a ƙarƙashin rigunan, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai nuna komai ba. Abdulgani bai jira an tambaye shi ba, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ku kuka koya mana kyautata wa Allah zato ba? Wanda ya tayar da matacce, kumburi ne zai gagare shi?"

Goni ya ce, "Mu muka koya maka, kuma ba ya gagarar sa. Ban zo in ce ka yi laifi ba. Ni ba tela ba ne, amma na san ba a yanka yadi sai an tambayi mai riga. Ka tambaye shi?"

Azumi ya riga ya kama a lokacin. Bayan tafiyar Goni, Abdulgani ya durƙusa gaban ɗansa yana ƙoƙarin yin fara'a, ya ce, "Modu, wace za a sauko maka da ita ranar Sallah? Zaɓi duk wadda kake so."

Modu ya ce, "Ba ko ɗaya. Ba nawa ba ne, nasu ne."

"To wace iri kake so?"

"Daidai ni. Ban taɓa sa riga daidai ni ba, Baba. Duk Sallah hannuna a ciki yake."

Wanda ba tela ba zai ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Ni da na san sana'ar, gabana ne ya faɗi. Riga daidai jiki ba ta yiwuwa da ido, sai an sa tef. Tsohuwar riga ba za ta yi magwaji ba, tunda yaron bai taɓa mallakar wadda ta zauna masa ba. Ga shi ba ya iya tsayuwa. Mu kuwa a nan ba a auna mutum a kwance. Mutum ɗaya ake yi wa haka, shi ne wanda masu haƙa suka zo da kara su gwada tsawonsa kafin su tafi maƙabarta. Bayan wannan kuma, rigar da babu kalmasa riga ce da aka ce babu baɗi. Abdulgani ya san duk wannan, amma ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ya yi ta zille-zille. Ya ce in ɗaga yaron tsaye ya auna, muka gwada, Modu ya yi ƙarar da har yau ina jin ta, muka mayar da shi. Ya ɗinka wata da ido, ya rage ta sosai, amma ya ɓoye 'yar kalmasa siririya a ciki ya danne da dutsen guga. Ɗan tela ne fa. Ya sa yatsa ya bi bakin rigar, ya ture ta, ya ce, "Baba, ka ɓoye." Ya juya fuska bango, ranar ko kunu bai karɓa ba. Goman ƙarshe ta shiga, yaron yana ƙara tsotsewa, kowa a gidan ya san in Sallar nan ta wuce ba lalle a ga wata ba. Abdulgani ya miƙo mini tef ya ce, "Kai ka yi." Wallahi na karɓa, amma hannuna ya ƙi.

Muna cikin haka, da hantsi, sai ga Yakaka ta shigo soron lulluɓe da mayafi, abin da ban taɓa gani ba tunda nake zuwa gidan. Ba ta sunkuyar da kai ba wannan karon. Ta karɓi tef ɗin daga hannuna ta ajiye a cinyar mijinta, ta ce, "Malam, auna shi yanzu da yake ji. Ka fi kowa taushin hannu. Kada ka bari wani ya riga ka."

Ya ɗauki tef ɗin. Sannan ya ce bismillahi, ya durƙusa. Ya ɗora bakin tef a kafaɗar yaron ya ja har idon sawu. Ya auna hannu, ya auna ƙirji. Da ya zo hamata Modu ya ji cakulkuli, ya yi dariya da rabin bakinsa, uban kuma hawaye na bin tsagar fuskarsa suna ɗiga a tabarma. Ni dai sama nake kallo. Jirgin hantsi ya wuce a daidai lokacin, na ji rawar ƙasa a ƙafata, amma rigunan nan ko ɗaya ba ta motsa ba.

Da ya gama, shi da kansa ya taka kujera ya sauke su. Ya fara da babbar. Ya zare gorar, ya ninke, ya miƙa wa Yakaka, haka har ƙaramar. Soron ya yi wani irin faɗi, haske ya shigo har ƙurya. Modu ya yi ajiyar zuciya, ya yi barci ba tare da an taka masa keke ba.

Na raka Abdulgani Sabon Gari da yamma. Nneka ta tarbe mu da murna, ta fara sauko da manyan bandura, don ta saba kullum abin da yake saya ƙaruwa yake. Ya nuna wani shuɗi mai haske, ya faɗi abin da yake so. Ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ai ba zai kai ba." Ya ce zai kai. Ta auna, ta saki ɗan ƙari a bakin sandar awo yadda take yi wa na gida. Ya dafe yadin ya ce, "Yau ba na son gyara." Ta tsaya da almakashi a hannu tana kallonsa. Ita ma ta binne ɗa a garin nan, ba ta bukaci bayani ba. Ta yi alamar addininta a ƙirji, ta yanka daidai inda yatsansa yake, ta naɗe ta ba shi da hannu biyu.

Ranar Sallah da safe, kafin mu tafi idi, aka yi wa Modu wanka aka shafe shi da turare. Uban ya ɓalle maɓallan kafaɗa ya sa masa. Ta zauna ɗas. Kafaɗa a kafaɗa, hannu ya tsaya cif a wuyan hannu. Yaron ya ɗaga hannuwansa yana juya su, yana kallo kamar yau aka ba shi su. Ya ce a kai shi ƙofar gida. Aka jingina shi da matashi a dakali, yayyensa a gefe da gefe, duk yaron da ya zo wucewa cikin buhun da Abdulgani ya ɗinka masa sai Modu ya miƙa masa hannuwa ya gani. Ni ma da na zo, ya dube ni ya yi ɗan kukan saniya. 

Na durƙusa kamar zan gyara masa zama. Tela ba ya ganin riga bai juya bakinta ba, kuma ban ɓoye muku ba, so nake in tarar uban ya sake yin wayo, ko da faɗin ƙwayar shinkafa ne. Na juya. Ɗinki ne siriri, mai kyau, irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, bayansa kuma babu komai. A nan yadin ya ƙare.

Na ɗago, ashe Abdulgani yana tsaye a kaina yana kallo. Bai ce ɗan Fulani ba. Ya ce, "Iyakarta ke nan, Hambali. Alhamdu lillahi. Tashi mu je kada mu rasa salla."

Modu ya ƙi yarda a cire masa ita sai in za a wanke, yana kwance yana jira ta bushe. Bai kai Babbar Sallah ba, rigar ba ta ma sami lokacin yi masa yawa ba.